Farin Ciki a Matsayin Ibada a Majami'un Karkarar Kano

A karkarar da ke arewa da birnin Kano, inda gonaki suka haɗe da juna har ƙasa ba ta samun hutu sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara, akwai ƙananan ikkilisiyoyi na Hausawa Kirista, waɗanda galibinsu zuriyar Maguzawa ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya bayan jihadin 1804. Bishara ta iso yankin ta hannun mishan ɗin SIM, wanda ya kama jinyar kutare a Yadakunya cikin shekarun 1930, ya buɗe tasha a Roni da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa, kuma ikkilisiyoyin da aikinsa ya haifar su ne suka zama ɗarikar ECWA a 1954.

Maguzawa mutanen buki ne tun asali, domin da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai a dafa giya, a yi wa iskoki yanka, matasa kuma su fita kalankuwa, wato wasan kaka na kiɗa da rawa. Da ikkilisiya ta hana giya da yankan tsafi, sai tambaya ta taso a kan inda za a kai wannan murna, amsar da masu bi suka samu kuwa ita ce su mai da ita horon ruhaniya. Ma'anar horon ruhaniya ita ce aikin da mai bi yake lizimta da gangan, kamar azumi da addu'a, ko zuciya ta so ko ta ƙi. Richard Foster, marubuci ɗan Amurka, ya sa buki a ƙarshen irin waɗannan ayyuka goma sha biyu a littafinsa na 1978, Attaura kuma tun da daɗewa ta umarci manoma su yi murnar kwana bakwai a Idin Bukkoki bayan tattara amfanin gona.

A nan ne godiyar kaka ta sami matsayinta. Ranar Lahadin da dattawa suka tsayar, magidanta sukan shigo da dammunan hatsi, da wake da gyaɗa, wani lokaci har da kaza ko akuya, yayin da Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan aure ta ikkilisiya, take jan waƙa da kiɗan tulu da caki, ana tafi ana guɗa. Abin da aka tara shi ne yake ciyar da fasto da masu bishara da gwauraye har zuwa bazara, lokacin da rumbuna suke yin ƙasa.

Darajar wannan horo ba ta fitowa sosai sai a shekarar da noma ya gaza, irin ta farin 1973, ko ta 1975 da cuta ta cinye gyaɗa, domin a irin wannan shekara ne wa'azi yake komawa ga annabi Habakuk, wanda ya ƙudura yin murna da Allah ko da gona ba ta ba da kome ba. Hatsarin da ya kamata a kula da shi kuwa shi ne gasar baiko, wadda takan sa mai tiya ɗaya ya ji kunyar fitowa gaban mai dami goma, kuma duk ikkilisiyar da ta bar haka ta faru ta tauye wa talaka rabonsa na ibada.

Murnar kuma ba ta tsaya cikin ikkilisiya ba, domin da Kirsimeti akan aika wa maƙwabta Musulmi shinkafa da nama, su kuma su rama da Sallah, sau da yawa ma dangin juna ne da kaka ɗaya ya haɗa.