Bayan Dashen Ƙoda: Idon Likita a Cikin Mara

A da, idan aka ce wa ɗan Briqueterie ƙodarsa ta gaza, abu biyu ne a gabansa: ko ya dawwama a kan injin wankin ƙoda, ko dangi su yi karo-karo a kai shi ƙasar waje. A watan Nuwamba na 2021 aka yi nasarar dashen ƙoda a Babban Asibitin Yawunde da ke Ngousso, tare da taimakon likitoci daga Jeneba. Maƙwabtanmu na Kano kuwa tun 2002 suka fara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

To amma fa jama'a, dashe ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sabuwar ƙodar ba a gadon baya ake sa ta ba, a gefen mara ake dasa ta, a haɗa ta da jijiyoyin jini da mafitsara. Da yake tana kusa da fata, na'urar hoton nan da muke kira ekografi tana ganinta sarai. Likita zai shafa wani mai a mara, ya ɗora kan na'urar, ita kuma ta tura sauti wanda kunne ba ya ji, amsa-kuwwarsa ta dawo ta zama hoto. Babu yanka, babu zafi.

Akan yi hoton farko a kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata. Da salon da ake kira Dofla, likita yana ganin shigar jini da fitarsa. Idan jini ya daskare ya toshe jijiya, cikin awoyi kaɗan ƙodar na iya mutuwa, kyautar ɗan'uwa ta tafi a banza. Hoton yana kuma nuna ko ruwa ya taru a gefen ƙodar, ko fitsari ya kasa sauka har ta kumbura.

Sai dai hoto kaɗai ba ya tabbatar da cewa jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Wannan sai da gwajin jini, wani lokaci ma a tsakuro ɗan nama da allura, ekografin na nuna hanya.

Saboda haka, wanda aka yi wa dashe kada ya tsallake ranar hoto, kada ya bar shan magani don ya ji sauƙi. In fitsari ya ragu, ko zazzaɓi ya zo, ko wurin ya yi ciwo, a garzaya asibiti a ranar. Allah Ya ƙara mana lafiya.