Likitan da Ya Karanto a Waje: Me Zai Riƙe Shi a Ƙasar Daura?

Yau a Daura, Zango, Mai'aduwa, Sandamu da Ɓaure ba abin mamaki ba ne a ce ɗan gidan wane ko 'yar gidan wane ta dawo daga Sudan, Masar ko Yukren da digirin likita. Gwamnatin Ibrahim Shema ta tura ɗalibai Sudan, musamman mata, ta Dikko Raɗɗa kuma ta tura wasu Masar. Akwai kuma waɗanda iyayensu suka sayar da gona ko shanu suka ɗauki nauyinsu. Ranar dawowa ana walima, ana ta "Dakta, Dakta". Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da Daktan ke shiga bayan an naɗe tabarmi.

Da farko dai, ba shi da izinin duba ko da mai mura. Sai ya zauna jarrabawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, wadda aka tanadar wa duk wanda ya yi karatu a waje, kuma ba kowa ke haye ta a zama ɗaya ba. In ya haye, sai neman gurbin horon shekara guda a asibitin da aka amince da shi, sannan bautar ƙasa. Waɗanda yaƙin Yukren ya koro a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 nasu ya fi tsanani, domin wasu sun baro takardunsu a can, wasu kuma sai da suka nemi wata jami'ar su ƙarasa. A wannan zaman jiran ne gwiwa ke sanyi. Abokan karatunsa na sakandare sun yi aure, shi yana karɓar kuɗin mai a hannun mahaifinsa, goggo kuma tana aiko masa da sakamakon gwajinta ya duba. Shawarata ga mai shirin dawowa: ya fara karatun wannan jarrabawa tun yana ajin ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma ranar da ya tsaya a ɗakin yara cikin watan Satumba. An shigo da yaro daga wani ƙauyen bakin iyaka a kan babur, yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat. Uwar ta ce kwana biyar ke nan, an je kemis, an yi allura, an sha rubutu. Jini ake buƙata yanzu, amma sai an nemo ɗan'uwan da zai bayar, uban kuma yana lissafin abin da ke aljihunsa kafin ya amsa. Wanda ya yi karatu a Kharkiv ta Yukren watakila bai taɓa ganin zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ba sai a littafi. An koya masa ya tura a yi hoto da gwaje-gwaje iri-iri. A nan idonsa da hannunsa da abin awon ƙirji su ne kayan aikin farko. Wanda ya fito Khartoum ya fi sauƙin sabawa, don cututtukan sun yi kama da namu. Kowannensu dai zai tarar tsohuwar nas ko ungozomar da ta shekara ashirin a ɗakin ta fi shi sanin yaron da ba zai kai asuba ba. Likitan da ya iya cewa, "Hajiya, ya kike gani?" ya rage wa kansa wahalar shekaru. Wanda ya shigo da "ai a can ba haka muke yi ba" zai ci abincin rana shi kaɗai.

Ƙasar nan tana da kalandarta. Damina da kaka na zazzaɓi ne da tamowa, lokacin da rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya shigo. Bazara ta sanƙarau ce da ƙyanda. Sikila, hawan jini da jijjigar masu ciki kuwa ba su da wata. Marasa lafiya kuma ba su san iyaka ba: ta Kwangwalam da Babban Mutum mutanen Nijar na shigowa, namu ma na tsallakawa.

To ina manufar da za ta riƙe shi take? A ganina, ba ta cikin jawaban kishin ƙasa da ake yi wa matasan likitoci, kuma albashi shi kaɗai ba zai haifar da ita ba, ko da yake ƙarya ne a ce bai da muhimmanci. Saudiyya da Ingila suna kira, kuma ban ga laifin wanda ya amsa ba. Waɗanda suka daɗe suka kuma bar tarihi, abu ɗaya suka kama suka ƙi saki. Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ne a farkon shekarun 1980 don aikin kuturta. Da ya ga matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, mazajen wasu sun sake su, sai ya maida hankali kan ɗinkinsu. Ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci masu yawa, yau wurin cibiya ce ta ƙasa. Babu wanda ya rubuta masa wannan a takardar ɗaukar aiki. Kafin shi akwai Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya karanto a Birmingham ya dawo. Sunansa ne a kan asibitin koyarwa na Kaduna.

A masarautar Daura irin waɗannan guraben suna nan birjik. Wani ya ɗauki masu sikila: rana guda a mako, rajistar sunaye, da nacin a yi gwajin jini kafin a sa ranar aure, tare da limamai da masu unguwanni, waɗanda maganarsu ta fi ta likita shiga. Wata ta ɗauki awon ciki, ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane hawan jinin mai ciki tun kafin ya kai ga jijjiga. Likita mace a nan tana buɗe ƙofar da namiji ba zai iya ba, domin akwai matar da za ta haƙura da ciwo shekara guda da ta faɗa wa namiji. Makarantar koyon aikin lafiya ta Daura ma na buƙatar masu koyarwa, kuma wanda ya koyar da ɗalibai talatin ya isa ƙauyukan da ƙafarsa ba za ta taka ba.

Sai dai kada a mayar da zama gida tamkar binne kai. Likitan da ya ga ilminsa ya tsaya cak shi ne farkon mai neman fasfo. Akwai hanyar ƙwarewa ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da takwarorinta na Afirka ta Yamma, da horo a asibitocin koyarwa na Katsina, Kano da Shika. Gwamnatin da ta kashe kuɗi ta tura yaro Masar, ta kuma ɗaure shi da yarjejeniyar yi wa jiha aiki, ya kamata ta rubuta a cikin yarjejeniyar shekarar da za ta sake shi ya tafi horon ƙwarewa da albashinsa, da gidan da zai kwana kusa da asibiti in an tura shi Ɓaure.