Kifi ɗan aure: Abin da mai shirin haƙa kududdufi a Ikara, Maƙarfi da Kudan ya kamata ya sani

Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ke zaune a Kaduna ko Zariya, kuma yake da 'yar fadama a gida, yakan ji ana yi masa tallar kifi ɗan aure a matsayin hanyar samun kuɗi cikin gaggawa. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba a cika faɗa masa sharuɗɗan ba.

Auren kifi tsohuwar dabara ce. A Amurka, tun a shekarun 1960 masana a Jihar South Carolina suka haɗa jinsi biyu na kifin da ake kira bas, suka samar da wanda yanzu ake kiwonsa a kududdufan gonaki. Wancan kifi baƙo ne a kasuwanninmu. Makamancinsa a Najeriya shi ne wanda masana ke kira Heteroclarias, wato auren tarwada da ramboshi. A wurin ƙyanƙyasa ake yi wa macen tarwada allura ta saki ƙwai, sannan a haɗa da maniyyin namijin ramboshi. Ɗan da ake samu yana gadon juriyar tarwada da girman jikin ramboshi.

Akwai hanyar gane shi. Ramboshi na da wani tsiron nama mai laushi a baya, tsakanin ƙayar gadon baya da wutsiya, tarwada kuwa ba ta da shi. Ɗan aure na da nasa, amma gajere. Mai saye ya duba wannan kafin ya biya, domin a cikin roba duk 'ya'yan kifi kama suke yi. Haka kuma ba a dogara da shi wajen fitar da iri, don haka kowane zubi sai an koma wurin masu ƙyanƙyasa.

Babban abin da ke yanke hukunci a wannan yanki shi ne lokacin zubi. Dangin tarwada sun fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sanyin hunturu a ƙasar Zazzau kan sa ruwan kududdufi ya yi sanyi ƙwarai da asuba, kifi ya rage ci, girma ya tsaya. Yaron da aka bar wa gadi kuwa, idan ba a yi masa bayani ba, zai ci gaba da watsa abinci kamar kullum. Abin da ba a ci ba ya nitse ya ruɓe, ruwa ya lalace, alhali abinci shi ne ke cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon. Wanda ya zuba 'ya'yan kifi a Mayu ko Yuni, yana da watanni biyar zuwa shida na ɗumi kafin sanyi ya kankama. Wanda ya zuba a Nuwamba saboda lokacin ne ya sayar da masara, a kan asara ya fara.

Fadamun Maƙarfi da Kudan, inda ake noman rake da tumatir, na da ƙasar laka mai riƙe ruwa, abin da kududdufi ke so ke nan. Amma a watan Agusta ambaliya na iya tsallake ganuwa ta tafi da kifin baki ɗaya, sannan ruwan da ya gangaro daga gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari yana iya kashe su a dare guda. Dole ganuwa ta yi tudu, a kuma karkatar da magudanar gonakin maƙwabta.

Sai batun cin juna. Ɗan aure ya shahara da haka: 'yan kaɗan za su tsere wa sauran a girma, su koma haɗiye ƙanana. A watanni biyu na farko ana ware su bisa girma kusan kowane mako biyu, aikin da mai zuwa gida ƙarshen wata kaɗai ba zai iya ba.

Kasuwa ma a tantance ta tun kafin a sa shebur. Masu banda sun fi son kifi matsakaici, kuma tarwada ta gida ta wadatar da su a farashi mai sauƙi. Fifikon ɗan aure sai ya wuce kilo ɗaya yake bayyana, masu sayen irin wannan kuwa su ne gidajen farfesu da gashi na Zariya, Kaduna da Kano. Mai neman ƙarin bayani zai iya tuntuɓar cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa a Jihar Neja.