Duba-gari da 'Yan Jari Bola: Wa Ake Horarwa Don Muhallin Birnin Zazzau?

Zariya ba ta rasa wuraren koyon aikin muhalli ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen injiniyancin ruwa da muhalli a Samaru. A Maƙarfi da ke kusa kuma Kwalejin Shehu Idris ta daɗe tana yaye jami'an tsabtar muhalli, waɗanda dattawa har gobe suke kira duba-gari.

Ba banza ba matasa suka karkata can. Dokar 2002 da ta kafa hukumar yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista ta mai da aikin sana'a mai lasisi. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta nuna wa kowa cewa ƙasar da ake takawa ma tana kisa. Sai kuɗi: a 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, wato wanda ya nemi gurbin likitanci ko jinya ya rasa, nan yakan faɗo.

To amma wanda ya shiga ta Ƙofar Doka da damina zai tambayi ina masu takardun suke. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini su ne suke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni; yanzu ana cike su da shara a kafa gida a kai, ruwan kuma ya nemi hanya ta zaurukan mutane. Rafin Kamaca ya zama magudanar leda. A lungu da yawa rijiya da masai taku kaɗan ne tsakaninsu, kuma ta irin wannan kusanci kwalara take samun ƙofa.

A ganina ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba, iko ne da albashi. Duba-garin zamanin En'e yana tafe ne da ƙarfin sarki da mai unguwa a bayansa, shi ya sa matan gida suke wanke randa da jin labarin zuwansa. Tun bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 wannan igiya take saki. Na yau, in ma an ɗauke shi aiki, sai ya yi ta rubuta gargaɗi ba mai tanka masa. Wanda ba a ɗauka ba ya nufi Kaduna ko Abuja, ko ya buɗe rumfar POS.

Masu taɓa sharar birni kullum kuwa 'yan jari bola ne, kuma ba wanda ya koya musu komai. Suna ƙona waya don tagulla, suna fasa tsohon batir da hannu ba safa, irin dalmar nan ta Zamfara ce a ciki. Kwas na 'yan makonni da Hausa, a unguwarsu, kan abin da ba a ƙonawa da abin da ba a shaƙa, ba zai ci kuɗin taron bita ɗaya na otal ba, kuma masu difloman da suke zaune a gida su ne za su iya koyar da shi.