Gyaran Tukunya Da Motsa Jiki: Ta Ina Mace Za Ta Fara?

A wannan mako za mu tattauna a kan abubuwa biyu da suke hannun mace fiye da kowa a cikin gida, wato abin da ake zubawa a tukunya da kuma yadda muke motsa jikinmu. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma da yawa daga cikinmu ba mu tuna wannan magana sai ranar da aka kwantar da mu a gadon asibiti, yara suna gida babu mai yi musu wanka, maigida yana yawon neman kuɗin magani.

Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a cikin matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 58 cikin 100 suna fama da ƙarancin jini, kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 cikin 100 kuma sun rame fiye da yadda ya kamata. Sau da yawa a gida ɗaya za ki tarar da duka ukun. Uwargida ta yi jiki har gwiwa tana ciwo, amarya tana da ciki tana jiri saboda rashin jini, ga 'yar budurwa ta bushe kamar kara. Dukkansu kuwa tukunya ɗaya suke ci. To, ashe gyara daga tukunyar zai fara.

ABIN DA YA CANZA

Iyayenmu da kakanninmu sun yi surfe da daka, sun yi niƙa a dutse, sun ja ruwa a rijiya, sun taka da ƙafa zuwa gidan biki da gidan suna. Yau inji ya karɓi niƙa, famfo da mai ruwa sun karɓi guga, adaidaita sahu ya karɓi tafiya. Wannan sauƙi ne, mun gode Allah. Sai dai aikin ya ragu, cin bai ragu ba. Ƙari ma aka yi, domin farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba sun ture dambu da fate da kwaɗon zogale daga gidaje da yawa. Abin da jiki ya ci bai ƙone shi da aiki ba, tara shi yake yi ya zama kitse. Daga nan ne hawan jini da ciwon suga suke samun ƙofa, su kuma su ne ke jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da raunin gani.

GISHIRI DA MAGI DA KANWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya. A lura, wannan lissafi ya haɗa da gishirin da ke cikin burodi da yaji da kilishi da taliyar leda. Shi kansa magi kusan rabinsa gishiri ne. Saboda haka wadda ta jefa ɗunƙule biyar a miya, ta ƙara gishiri da hannu, ta kuma barbaɗa yaji a kan tuwo, ta zuba gishiri sau uku ke nan ba ta sani ba. Yawan gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya hau, zuciya ta riƙa aikin da ya fi ƙarfinta.

Kada ki janye gaba ɗaya rana ɗaya, domin mutanen gida za su ce miya ta yi lami, ki ji haushi ki koma gidan jiya. Idan biyar kike sawa, sa huɗu har mako biyu, sannan ki koma uku. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Ki cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da busasshen kifi. Gishirin da za ki saya kuma ya zama na leda mai sinadarin aidin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo.

Kanwa ma ta cancanci a yi hattara da ita. Dangin gishiri ce, kuma tana kashe wasu bitamin a cikin wake da ganye. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Idan wake kike so ya nuna da wuri, jiƙa shi tun da dare.

SUGA DA MAI

Game da suga, ƙa'idar hukumar ita ce kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini ga babban mutum, in an tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ta santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9. Ki ɗora na shayin safe da na koko da na fura da na zoɓo, ki gani ko nawa ya kama. Illar ta kai har gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Matakin farko shi ne ki mayar da lemon kwalba na ranar biki kawai, ki raba sugan shayi gida biyu. Zoɓo da kunun aya da ruwan tsamiya na gida suna da kyau matuƙar ba a cika musu suga ba. Zuma da mazarƙwaila su ma zaƙi ne, a lissafa da su.

Mai kuwa, a riƙa auna shi da cokali maimakon a tuttula daga galan. Miyar da mai ya kwanta a samanta kamar tafki ɓarnar kuɗi ce da ɓarnar lafiya. Manja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai gyara ido, amma idan aka soya shi har ya yi fari, amfanin ya tafi. Man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, a zubar. A wasu ranakun a yi alale a madadin ƙosai, a dafa dankali ko a gasa kifi a madadin suya.

YADDA ZA A RABA KWANO

Ga hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar ma'auni. Ki raba kwanonki gida huɗu a ido. Gida biyu na ganye da kayan lambu, gida ɗaya na tuwo ko shinkafa ko doya, gida ɗaya na mai gina jiki, wato wake, awara, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa ko nono. Yawancinmu tuwo ne ke cinye gida uku da rabi, miya ta zama abin shafawa kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana, kimanin cikin tafin hannu biyar ke nan, ban da dankali da rogo da doya. Na san wata za ta ce da wane kuɗin, a wannan tsadar? Ba tuffa da inabi ake nufi ba. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, tafasa, kuɓewa, kabewa, karas, yalo, gwanda, goba, mangwaro da kankana duk suna cikin lissafi. Ki sayi abin da ake yayinsa, lokacin ne ya fi araha. Ki shanya ganye a inuwa ki adana don rani. Zogale kuwa ko a bayan ɗaki aka dasa shi zai tashi, alayyafo ma yana yi a cikin tsohon buhu. Abin da za a ci ɗanye, irin su latas da tumatir da kabeji, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta. Ganye kuma kada a dafa shi har ya mutu, a sa shi daf da saukewa.

Gero da dawa da acca da alkama, musamman waɗanda ba a surfe su ƙal ba, sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki, kuma suganta ba ya hawa jini da sauri kamar nasu. Saboda haka tuwon dawa da miyar kuka abincin alfahari ne, kada mai baƙo ta ji kunyar fito da shi.

Mai ƙarancin jini ta riƙi wake da ganye da kifi da nama gwargwadon hali, ta haɗa da lemon zaƙi ko goba, domin suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a bar tazarar awa guda tsakaninsa da abinci. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta.

MOTSA JIKI A CIKIN GIDA

A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020, ana so babban mutum ya yi aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki, wato minti 30 sau biyar, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Yara da 'yammata masu shekara 5 zuwa 17 kuma awa ɗaya kowace rana. Alamar kin kai yadda ake so ita ce numfashinki ya ɗan ƙaru, jiki ya ɗumama, kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Wadda ba ta fita, tsakar gida ya ishe ta. Fara da minti 10 na zagaye da sassarfa da sassafe kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar. Mako na biyu ki mayar da shi 15, a haka har ki kai 30. Ba dole ba ne a yi shi a tashi ɗaya, goma da safe, goma da rana, goma da yamma duk sun shiga lissafi. Don ƙarfin ƙafa, zauna a kujera ki miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba. Don ƙarfin hannu, dafa bango ki tura jikinki gaba da baya sau goma. Shara da sauri, wanki da hannu da dakan yaji duk motsa jiki ne. Idan unguwar da za ki je kusa ce, taka da ƙafa, kuɗin motar ki sayi kankana. Ki jawo abokiyar zama ko maƙwabciya ku riƙa yi tare, domin abin da ake yi da hira ba a saurin barinsa.

Mai ciki da mai jego da mai ciwon zuciya ko ciwon suga su nemi shawarar likita ko ungozomar asibiti kafin su fara. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi yana yankewa, ta tsaya nan take, ta je a duba ta.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

A aji muna ganin yarinyar da ta fito ba ta karya ba. Kafin ƙarfe goma ta kifa kai a kan tebur, da an tashi tara kuma ta kashe kuɗinta a kan alawa da lemon leda. Ƙannena, koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo sun fi wannan nesa ba kusa ba. Kuɗin tara a sayi gyaɗa, dafaffen ƙwai, awara ko goba. Kun fara jinin al'ada, jikinku yana bukatar abinci mai ƙara jini fiye da na 'yan'uwanku maza. Kada ku guje wa darasin wasanni. Gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya duk motsa jiki ne na gaske.

Ina kuma jan kunnenku, ku da yayyenku amare, game da magungunan ƙiba da ake kira sha ka fashe. Wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Kumburi suke sawa, suna kuma iya jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Haka nan shayin rage ƙiba da ake talla a waya, yawancinsa gudawa yake sawa, ruwan jiki ya zube a ce an rame. Wadda take son rage nauyi, rabin kilo a mako ya isa. Wadda take son ƙarawa ta ci abinci mai gina jiki a kan lokaci, in rama ta ƙi tafiya ta je asibiti a binciki dalili.

SHIRIN WATA GUDA

Mako na farko, ki je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna miki jini da suga, ki rubuta a takarda. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake aunawa wata rana, a ga likita. Wadda aka riga aka ɗora a kan magani kada ta daina don ta gyara abinci, sai da izinin likita. A makon ne kuma za ki fara tafiyar minti 10.

Mako na biyu, rage magi ɗaya da rabin sugan shayi. Mako na uku, tabbatar akwai ganye a abinci sau biyu kowace rana. Mako na huɗu, fara auna mai da cokali, tafiya kuma ta kai minti 25 ko 30. Ki yi wa maigida bayani tun farko cikin ladabi, tunda shi ke yin cefane, ki nuna masa cewa shi ma jininsa ake karewa, kuma kuɗin magi da mai da lemo za su ragu. Ranar da biki ko baƙi suka ɓata miki shiri, washegari ki ɗora daga inda kika tsaya. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ta gwada, ta rubuto wa wannan fili ta gaya mana yadda ta kaya da mutanen gidanta, domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, mu da iyalanmu. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.