Magarya mai aure: tuffar ƙasarmu

Ƴan uwa manoma na Dogo-Dogo, a kasuwannin birni ana sayar da wani ɗan itace mai tsada da ake kira tuffa ko pom. Itacen tuffa yana son sanyi mai tsanani na wata da watanni kafin ya yi fure, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu. Amma muna da abin da zai maye gurbinsa, wato magarya. Garin Magarya ma sunanta yake ɗauke da shi.

Mene ne Gola?

Gola wani tsohon irin magarya ne na ƙasar Indiya. Yana riga sauran iri nuna. Ɗansa ya fi na magaryar daji girma nesa ba kusa ba, ga zaƙi, ga ruwa. Ana cin sa ɗanye kamar tuffa, don haka aka sa masa suna tuffar Sahel. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa shi cikin Nijar a shekarun 2000.

Amfaninsa

Gola yana nuna da sanyi, tun mangwaro bai fito ba. A lokacin nan yaranmu ba su cika samun ɗanyen ɗan itace ba. Yana ɗauke da bitamin C mai yawa, wanda ke ƙarfafa dasashi, yana kuma taimaka wa miki ya warke. Wanda ya riga kai shi kasuwar Dungas ko ta Magarya zai sayar da daraja.

Yadda ake yin auren

Idan muka shuka ƙwallon Gola, itacen da zai fito ba lalle ya yi kama da uwarsa ba. Saboda haka aure ake yi masa da magaryarmu, wadda saiwarta ke nisa cikin ƙasa, take kuma jure fari.

1. Lokacin sassabe, mu bar magaryar da ta tsiro a gona.
2. Da bazara mu sare ta kusa da ƙasa, domin ta yi sabon toho.
3. Idan tohon ya kai kaurin alƙalami, mu zaɓi mai lafiya, mu tsaga shi da wuƙa mai kaifi.
4. Mu sa ɗan reshen Gola a cikin tsagar, mu ɗaure da leda sosai.
5. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, mu cire shi, don kada ya shanye ƙarfin itacen.

Ma'aikatan gandun daji suna iya nuna mana wannan aiki da hannu.

Abin kiyayewa

Mu kewaye itacen da ƙaya saboda awaki. Kowace shekara, bayan an gama tsinka, mu rage rassa, domin sabon reshe ne ke yin ƴaƴa. Wani ƙuda yana yin ƙwai a cikin ɗan, ya zama tsutsa. Don haka mu tsince waɗanda suka faɗi, mu binne su da zurfi. Gola ba ya daɗewa bayan tsinka, sai a ci ko a sayar cikin ƴan kwanaki. A wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a ba yara.

Kada kuma mu yi wa dukan magaryarmu aure. Ta daji ita ce ke bushewa ta yi watanni a ajiye, da garinta ne mata ke yin akuri. Gona mai iri biyu ta fi mai iri ɗaya.