Adana Tarihin 'Yan Kwana-kwana: Abin da Ya Kamata Ya Shiga Gidan Tarihi daga Kusada da Kankiya

A ƙasar Hausa, gidan tarihi wuri ne da aka saba danganta shi da sarauta da yaƙi. Gidan Makama na Kano da tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi, sun fi jan hankalin mai ziyara zuwa ga sarakuna da malamai da manyan 'yan boko. Aikin kashe gobara kuwa yana da nasa tarihin, kuma kayan da ke ɗauke da shi su ne suka fi saurin salwanta.

Aikin kwana-kwana na zamani ya soma ne a Legas a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi hukuma ta kansa. To amma a ƙauyukan Kusada da Kankiya, tun kafin a ji jiniyar mota, akwai tsarin da jama'a suka gada. Da hunturu ya kama, jinka da dangar kara da rumbuna suka bushe, tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa. Kururuwa ita ce sanarwa. Maza su fito da tulu da guga da ƙasa, wasu su tsinke dangar da ke tsakanin gidaje domin a yanke wa wuta hanya. Wannan ilmi ba a rubuce yake ba, a bakin dattawa yake, kuma naɗar muryoyinsu shi ne aikin da bai kamata a jinkirta ba.

Sai kuma kayan hukuma. Tsohuwar mota idan ta daina aiki, makomarta gwanjo, daga nan sai hannun 'yan gwangwan. Mesa da kwalkwali da tsani ba wanda ke ɗaukarsu a matsayin kayan tarihi. Mafi daraja a cikinsu duka shi ne littafin da ake rubuta kiran gaggawa: ranar da wuta ta tashi, unguwar, lokacin da aka isa, abin da ake zaton ya haddasa ta. Mota tana ƙayatar da yaran makaranta, amma littafin ne ke nuna wa mai bincike watan da gobara ta fi yawa da kuma nisan da ke tsakanin ƙauye da ruwa. Takarda ce, gara da damshi ba sa ƙyale ta. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 da ta Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 sun samu shiga jaridu. Rumbun manomin da ya ƙone a Kusada, in ba a irin wannan littafi ko a bakin maƙwabta ba, babu inda za a same shi.

Ba lallai sai an yi sabon gini ba. Gidan tarihin 'yan kwana-kwana na birnin New York a Amurka ya samu matsuguni ne a tsohuwar tashar kashe gobara da aka gina a 1904. A nan ma ɗaki guda a sakatariyar ƙaramar hukuma zai wadatar, muddin an ɗauki hoton kowane shafi an adana a kwamfuta, an kuma rubuta sunan ma'aikacin da ya sa kowane kwalkwali da shekarun da ya yi yana aiki.